Garejin Gidanmu na Rafin Daɗi

Shekara tara ke nan da Fijo ta fita daga nan,
ta bar tabon baƙin mai a ƙasa
mai siffar kan raƙumi.
Tun ranar gareji ya koma bakin kura,
abin da ya shiga ba ya fitowa:
ragowar kwanon rufi, fankar da ta daina juyi,
keken Murja mai ƙafa ɗaya,
buhun simintin da ruwan Agusta ya mayar dutse,
jarkoki goma sha ɗaya, babu mai murfi.

Ran Asabar na nemi sufana mai lamba sha biyu.
Na wuni ban gan ta ba.
Kunama na gani, ita ma ta gan ni.
Da la'asar na ce, Rabe, ɗauko baro da tsintsiya.

Kafinta ya faɗa mini kuɗin kanta,
na yi dariya har na dafa ƙyaurensa.
Na wuce wurin masu katako, na zaɓi falanki shida da kaina,
ina kanne ido ɗaya, ina neman mai gantsarwa.
Zarto kuwa aro ne daga Malam Sada,
ya ce haƙoransa a ƙirge suke.

Kantar farko ta karkace.
Na aza lemun tsami a kanta,
ya gangara, ya faɗa cikin takalmina.
Tasalla na bakin ƙofa, ba ta ce uffan ba.
Ta shiga, ta fito da kwalba mai rabin ruwa,
ta kwantar da ita bisa katakon:
ga ma'auninka, injiniya.

Gwangwanin madara ashirin da uku muka wanke.
Wannan na ƙusa, wancan na noti,
wancan na abin da ban san sunansa ba amma ba na yarwa.
Murja ta rubuta wa kowanne suna da jan farce.
Na kafa ƙusoshi a bango,
na rataye guduma da filaya da almakashin waya,
na bi gefen kowanne da gawayi,
don in ɗaya ya fita yawo
inuwarsa ta zauna tana cigiya.

Sai ƙasa.
Kakata da makuba take daɓe,
ita da matan unguwa, maɗaɓi na amsa maɗaɓi.
Ni ba makuba, ba matan unguwa,
gwiwar ma sai da lallami.
Fasassun tayil na saya, buhu huɗu,
wurin magina a hanyar Dutsin-ma.
Yashi uku, siminti ɗaya, muka kwaɓa,
muka durƙusa muna dasa su kamar irin albasa,
fari kusa da shuɗi, shuɗi kusa da duk wanda ya zo hannu.
Tasalla ta kawo tangaran ɗinta
da ya fashe ranar sunan Rabe.
Ashe shekara goma sha biyar tana ɓoye da shi.
Yana can kusurwar gabas, furensa a sama.

Da muka iso kan tabon mai
Rabe ya ɗebo kwaɓi zai zuba.
Na ce dakata.
Motar Baba ce.
Mun sayar da ita a makon da aka ba shi gado a asibiti,
bai sani ba, ko ya sani bai tambaya ba.
Na tsaya har kwaɓin ya fara ƙanƙamewa a cebur,
sannan na karɓa, na zuba da hannuna.

Da dare kaza ta bi ta kan danyen gefen,
ta sa mana hannu sau biyar.
Ban gyara ba.

Malam Sada ya zo karɓar zarto,
ya cire takalmi a bakin gareji kamar mai shiga ɗaki,
ya ƙirga haƙoran, ya nemi tabarma.
Yanzu nan muke shan shayi.

Sufanar dai ba ta fito ba.
Na kafa mata ƙusa tsakanin sha ɗaya da sha uku,
na zana ta da ka.
Ta ɗan fi yadda take girma.