Jar Lamba da Shuɗiya

A Prag, kowane gida lamba biyu gare shi:
shuɗiya ta baƙo mai neman ƙofa,
ja ta kundin hukuma, ita ta san harsashi.
Babana Bořivoj ya shekara talatin da ɗaya
yana raba wasiƙu a Žižkov,
duka biyun a kansa, ba ya duba takarda.

Aikinsa na gada, sai dai ni a zaune.
Biyun dare, hawa na huɗu.
Hynek ya tafi tun tara, shayi ya huce,
ni da cibiyar na'ura muna kallon-kallo.

Kowace manhaja an yi mata ƙarya mai daɗi:
garin nan duka naki ne, daga sifili har bango.
Sai ta miƙo adireshi, hankali kwance,
mu kuma mu karɓa da ladabi,
mu yanka shi tara-tara har sau huɗu,
wannan kundi ya nuna wancan,
wancan ya ce a tambayi na gaba,
sha biyun da suka rage
su ne taku daga bakin ƙofa zuwa gado.

Hanyar da tsawo. Shi ya sa kowane kai
cikin kawunan na'ura takwas
yake riƙe 'yar takarda a aljihu:
mai lamba kaza, ai na san gidansa.

Kwana tara ina farautar ɓarna.
Na tashi shafi daga mazauninsa,
na gyara kundi tsaf,
bakwai suka ji labari.
Na takwas bai ji ba.
Yana ta kai saƙo tsohon gida,
yana turawa ta ƙarƙashin ƙofar wasu,
da gaskiyarsa.

Waya ta yi ƙara.
Wata murya: Ke ce Zdislava?
Ga wani dattijo a ƙofarmu da silifas,
dusar ƙanƙara a kafaɗarsa,
ya ce matarsa na ciki, ta sa miya a wuta.

Shekara sha shida da muka bar gidan.
Shekara bakwai da muka binne ta.

Na ce ku ba shi kujera, ga ni nan.
Kafin in ɗau riga na rubuta layi guda,
wanda ke buga wa kowane kai ƙararrawa:
abin da ka riƙe, zubar,
koma kundi ka tambaya.
Na'ura ba ta yi gardama ba. Mantuwa ba ta yi mata ciwo.

A bakin matakala na same shi,
yatsansa kan jar lambar.
Ya ce, duba, ba ta canja ba.
Na duba. Gaskiyarsa, ba ta canja ba.
Na zauna gefensa a kan sanyin dutse,
ban buga masa ƙararrawa ba.