Idon Gwanjo

A titin Beirut, cikin shagon Rabilu,
idon kyamara uku ke kwance a kwalin takalmi.
Na farko dogo, kamar taɓarya,
yana jawo shaho daga kan Dala har hancinka.
Na tambayi kuɗi, Rabilu ya yi dariya:
"Je ka sayar da babur ɗinka tukuna."

Na biyu sabo dal a leda,
amma nauyinsa ya kai tulu.
Wa zai hau Goron Dutse da tulu a wuya,
hannu ɗaya a tsagar dutse,
ɗayan yana lalube?

Na uku gajere, ɗan gwanjo,
da tabo a gefe kamar shasshawa,
an ɗaure murfinsa da kyauro.
Na ɗaga shi ga hasken ƙofa,
ba yana, ba hazo.
Dubu arba'in da biyar. Na ce talatin.
Muka tsaya a talatin da takwas
da alkawarin hoton ɗansa ranar sauka.

Asabar da sassafe, Tasi'u yana samana,
yatsunsa fari fat da alli,
igiya tana gugar kafaɗata.
Wannan ido ba ya jawo nesa,
sai dai ni in matsa.
Na matsa har ina jin hakinsa,
har tsakuwar da ƙafarsa ta saki
ta dakan mini goshi.

Na danna.

A hoton akwai jijiyar damtsensa,
da kwanukan Kano can ƙasa, jajir da tsatsa,
da ɗan duhu a kusurwa
daidai inda tabon yake.
Tasi'u ya ce in goge.
Na bar shi.