Rumfar da Ba Ta da Sanda

Kafin ladanin Talaje ya gyara murya
na riga na hura balo,
na ɗaura masa ɗan farin akwati
kamar mai ɗaura wa yaro guzuri.
Na sake shi. Ya wuce fitilun filin jirgin Yamai,
ya wuce inda shaho ke gajiya,
ni kuma na koma ga shayina
ina jiran lambobi su sauko.

Babana Abarshi, can Tawa,
bai taɓa riƙe alƙalami ba.
Yakan dubi tururuwa tana kwashe ƙwai,
ya shinshini gabas, ya ce a fito da iri.
Sau bakwai cikin goma ruwa na zuwa.

Ya ce mini a waya: Kuluwa, wai me kike aunawa?
Na ce rumfa ce, Baba, can bayan gajimare,
ba sanda, ba zana,
ita ke tace kaifin rana kafin ya iso fatarmu.
Ozon ake ce mata.
Da za a sauko da ita a danne
kaurinta bai wuce dala biyu a haɗe ba.
Ya yi shiru. Na ji akuya tana kuka bayansa.
Ya ce: To, in ta yage, wa ke hawa?

Ban ba shi amsa ba.
Ban gaya masa cewa bisa kanmu ake haifarta,
rana ce ungozoma,
sannan wata iska mai tafiyar hawainiya
ta kwashe ta zuwa ƙasashen sanyi,
kamar samarin Adar bayan girbi:
a nan aka yanke cibi, can ake tara su.

A tsakiyar damina hadari kan taso daga gabas,
ya yi ta tsawo har kansa ya baje kamar maƙera,
ya tura iskar ƙasa ta taɓa gindin rumfar.
Washegari lambobina sun ɗan rame.
Sama da nan kuma akwai wata iska
da ke nufar yamma shekara guda da ɗoriya,
sai ta juya gabas ba sallama,
kamar tsohuwar da gefe ɗaya ya ishe ta da kwanciya.
Duk juyin da ta yi, rumfar na ji a jikinta.

Ran Litinin na rubuta: Alhamis za ta ragu.
Na sa hannu, na buga hatimi.
Alhamis ta zo, ba ta ragu ba.
Malam Nomau ya dubi takardar ta saman tabarau,
ya ce sama ba ta karanta rahoto.
Na sake lissafi har kwanon shinkafata ya huce.

Balon kuwa, in ya kai inda iska ta yi siriri,
kumbura yake har ya fashe.
Akwatin ya faɗo inda ya ga dama.
Wani makiyayi wajen Kollo ya tsinci ɗaya,
yanzu kazarsa ke ƙwai a ciki.

Jiya Baba ya sake kira,
ya ce tururuwa ta tashi, su gobe shuka.
Ke fa, sau nawa kike dacewa?
Na ce shida.
Ya yi dariya har tari ya kama shi.
Ya ce ba laifi, ai taki gonar
ba a taka ta da ƙafa.