Motar da Ke Jan Hagu

A-kori-kurar mahaifina ta girme ni.
Ran da muka binne shi a Tecka
na gaji tumaki ɗari huɗu, da bashin wayar shinge,
da ita,
da halinta na jan hagu
kamar jakin da ya hango gida.

Daga gonarmu zuwa gari tsakuwa ce zalla,
kilomita saba'in, kunya bayan kunya,
iskar Patagoniya na dukan ƙofa kamar mai bin bashi.
Kowane rami, sai ƙarfe ya yi tari ƙarƙashin ƙafata.
Na yi ta cewa gobe.
Gobe ta cinye tayar gaba ta gefe guda
har waya ta leƙo.

Eulogio Painemal bai gaishe ni da baki ba.
Ƙoƙon mate ya miƙo min, mai ɗaci,
na zuƙa, na mayar.
Sannan ya sa jak ya ɗaga gabanta,
ya kama tayar sama da ƙasa, ya girgiza
kamar mai duba haƙorin yaro.
Ta amsa: ƙwal, ƙwal.
Ya kama ta gefe da gefe.
Ta sake amsawa.

"Kin ji? Na farko boljoyin ne, na biyu kan tayarod.
Robar ta fashe tun kina makaranta,
giris ya fita, yashi ya shiga ya kafa gida.
Shokozoba kuma, duba, hawaye take yi."
Ya shafa, ya nuna min yatsa baƙi ƙirin.
"Sifirin na baya, ganye ɗaya ya tsage.
Buhunan ulu ne. Na san wanda ya loda."

Kwana biyu ina riƙe masa fitila.
Noti guda ya ƙi, tsatsa ta aure shi.
Ya sha mai, ya sha guduma,
ya sha zagi da harshen kakar Eulogio,
sai da wuta ta lallashe shi ya juyo.
Tsohon boljoyin ya faɗo cikin tafina,
bai kai ƙwan kaza ba,
yana lilo a gurbinsa kamar wuyan mai gyangyaɗi.
Ashe a kan wannan muka rataya wuyanmu,
ni, da karnuka, da kuɗin ulun shekara.

Ba shi da na'urar saiti.
Zare ya ja daga tayar baya zuwa ta gaba,
ya auna, ya murɗa rabin zagaye,
ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya, ya sake aunawa.
"Sau uku na ce wa Anselmo ya kawo ta.
Ya ce shi da ita sun saba."

Da la'asar na kama hanya.
Ba tari, ba rawa.
Ramuka suna wucewa ƙarƙashina kamar an toshe musu baki.
Sai ga ni ina gangarawa dama.
Na gyara. Ban yi nisa ba, ga ni kuma a bakin kwazazzabo.
Na taka birki, na fara shirya wa Eulogio baƙar magana.

Sai idona ya sauka kan sitiyari.
A gefen dama akwai wuri guda mai santsi, yana ƙyalli,
daidai faɗin tafin mutum.
Hannuna na kai, ya daddage, yana ja.

A cikinta ya koya min tuƙi.
Ashe tare da tuƙin ya koya min gardamarsu,
shi yana dama, ita tana hagu,
shekara ashirin, kuma ba su taɓa kwana a hanya ba.
Yau ita ta bar maganar.
Ni ce ban ji an tashi ba.

Na sassauta yatsu, ɗaya bayan ɗaya.
Gwanako uku suka tsallake shinge, suka tsaya kallona.
Motar ta miƙe ɗoɗar, ba ta neman komai a wurina.
Na rasa inda zan kai hannun dama.
Na ɗora shi kan kujerar gefe,
inda na saba zama.