Kwaɗon Ruwan Gishiri

Shekara talatin ina yanka makulli
a bakin kasuwar Bur Sudan,
teku na bayana kamar maƙwabcin
da muke gaisawa, ba mu taɓa haɗa akushi ba.
Kakata da ƙafa ta taso daga Haɗeja,
ta iso nan, ta ga ruwan da ba shi da ƙetare,
ta sauke ƙullinta, ta ce, "Nan ma akwai Allah."
A wurinta muka gaji tsoron.

Ohaj ne ya ja ni. Bashi nake bin sa,
kuɗin makullai bakwai.
Ya ce ba shi da fam ko ɗaya,
amma yana da kwale-kwale da safiyar Juma'a.

Muka sha jabana mai citta da sauran duhu,
muka bi gaɓa, muka yi kudu wajen Sawakin,
har inda wani baƙin ƙarfe ya leƙo daga ruwa
kamar gwiwar mai barci.
Ya miƙo tabarau mai rufe hanci:
"Tofa yawu a ciki, ka goge."
Bututu a baki, rigar da ba ta nutsewa,
da takalman da suka mai da ni agwagwa.
Na yi bismilla sau uku. Ta huɗun ya tura ni.

Shiru.
Sai numfashina kaɗai, yana kai da kawowa
kamar zugazugin maƙeri.

Ga shi nan, zurfin bai fi gaba biyu ba,
jirgi kwance bisa haƙarƙari
irin kwanciyar raƙumin da ya ƙi tashi.
Murjani ya yi masa lalle har wuya.
Buhunan siminti sun zama duwatsu
ba su manta siffar buhu ba.
Kifaye masu launin garin ɗorawa,
wasu kamar yanzu aka tsamo su daga marina,
suna ratsa tagar matuƙi
babu mai neman izini.

Can na hango shi.
An ce kwaɗo ba ya zama a ruwan gishiri,
to ni na ga ɗaya:
maƙale a ƙofar wani akwatin ƙarfe,
mai dogon hanci, na san danginsa,
na sha buɗe su da guntuwar waya.
Tsatsa ta cinye bayan akwatin da gefensa,
kifi ya shiga ta hagu ya fita ta dama,
shi kuwa yana nan a bakin aiki,
yana tsaron ƙofar da ba ta da ɗaki.

Na tuɓe rigar. Kada ka tambaye ni dalili.
Na cika ƙirji, na kifa kai,
kunnuwana suka yi ƙara kamar ana soka tsinke,
na kai hannu, na taɓa shi.
Daga ramin makullin wani ɗan abu mai gashin baki
ya fito ya dube ni, ya koma.
Ashe gidan da mai shi.

Na taso ina tari, gishiri har ƙwaƙwalwa.
Ohaj na dariya: "Malam Jatau,
ku ne fa kuke cewa iya ruwa fid da kai!"

A hanyar dawowa ban yi magana ba.
Wani ne ya murɗa wannan makullin,
ya jefa aljihu, da niyyar dawowa.
Wataƙila yana Jidda yanzu ko Hudaida
cikin gwangwanin wata tsohuwa,
tsakanin allurai da maɓallai,
ta rasa me yake buɗewa,
ta kuma kasa yarwa.

Ran Asabar na buɗe rumfa.
Wata mata ta zo, makullinta ya ɓata,
tana ta bayani, rabi nake ji,
da sauran teku a kunnena na hagu.
Da ta tafi na ɗauko littafin bashi,
na nemo sunan Ohaj, bakwai a gabansa.
Na soke ɗaya.
Saura Juma'a shida.