Holokleros

Malam Pwajok ya rubuta ta da alli,
sanyin Bukuru na kaɗa masa hannu,
sai kalmar ta fito a karkace.

Ya ce, "Ku ɓare ta biyu kamar goro.
Holos: duka, ɗungum, ba gutsure.
Kleros: ƙuri'a, kason da ke faɗo wa mutum
ranar rabon ƙasa."
Wato wanda rabonsa ya iso hannunsa
ba a yage ko kusurwa ba.

Na yi murmushin da ya fi kuka ciwo.
Gonar babanmu, masu haƙar kuza
sun cinye rabinta tun ban san kaina ba,
suka bar mana tafki kore, ba ya shayuwa.
Saura muka ja wa igiya mu huɗu,
aka ba ni gefen dutse don ni mace ce.
Tun ranar, ni da yayana Dalyop
sai gaisuwar bakin coci.

Malam ya ce, "Chundung, kina tare da mu?
Siffa ce. Amma duba wutsiyarta:
namiji da tamace riga ɗaya suke sawa,
Helenanci bai ɗinka musu biyu ba."
Na ja layi a ƙarƙashin wannan
har biro ya huda takarda.

Sai ya kai mu inda aka jera abu uku,
ruhu da rai da jiki.
A lissafina, uku jam'i ne.
Amma aikatau ɗin tilo ne,
siffar ma tilo,
kamar uwa ta kira 'ya'ya uku da suna ɗaya
duk su waiwayo.
Kuma ba umarni ba ne, in ji shi, fata ne:
ba "ka kiyaye" ba, "a kiyaye."
Mai kiyayewar ba a faɗi sunansa a gaɓar ba.

Da yamma na hau mota zuwa Taminus.
Wata mai dankali tana auna mudu,
ta cika, ta tula, ta ɗora gyara,
ɗaya ya gangaro ƙasa.
Ta sunkuya ta ɗauka, ta hure shi,
ta mayar.

Lambar Dalyop na nan a wayata,
shekara shida ban taɓa ta ba.
Jarrabawa jibi ne.
Na iya rabe kalmar, na iya jera wutsiyoyinta.
Haɗa ta ne ban koya ba tukuna.