Rabon Mai Bin Baya

Tapan mai gyaran agogo a Nima
ya ce fatalwar garinsu ba ta shan jini.
Kifi take roƙo, ta hanci,
kamar mai mura:
"Ɗaya kawai."

Na yi dariya har koko ya sarƙe ni.
Namu na kan tsamiya, na ce,
sun fi ƙarfin roƙo.

Daren Laraba na taso daga Chorkor,
tiren banda a kai,
wuta ta ɗauke.
A lungun bayan masallaci
wani abu ya ja hanci.

Ban waiwaya ba.
Na lalubi mafi ƙanƙanta, na jefa.

"Kyanwa ce," in ji Tapan da safe,
idonsa cikin agogo.
Amma ranar bai sayi kifina ba.